Akushin Lahadi

Turmin gidanmu ya tsage a bana. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wuta ta taɓa shi ba, zama ne kawai ya kashe shi. Ya yi shekaru a kife a gindin katanga, ba mai ɗora masa taɓarya, sai jikokina da ke hawa kansa su leƙa gidan maƙwabta. Da safe na fito alwala na ga tsaga ta ratsa shi daga gindi har baki. Na mirgina shi na zauna ina shafa cikinsa, ya yi sumul saboda shan hatsi, har yanzu in ka sa hanci za ka ji ɗan ƙanshin surfe can ƙasa-ƙasa. Surukata ta ce a faskara shi, ko banza ya dafa mana wake. Ban hana ba, don gaskiyarta ce, itace ya yi tsada a garin Tawa. Amma duk yinin ranar ina zaune a inuwa, idona a buɗe, ni kuwa ba na nan. Ina can wani gida mai dangar kara, inda ni da turmin nan muka yi ƙuruciya tare.

A wancan zamani ba ladan kaɗai ke tada gari ba. Kafin ya idar da kiran salla sai ka ji taɓarya ta farko ta sauka can wajen tudu, kamar tana tambaya ko akwai wanda ya tashi. Wata ta amsa mata daga bayan masallaci, wata daga wajen rijiya, kafin gari ya yi haske duk unguwa ta ɗauka. Muna kwance bisa tabarma muna jin ƙasa tana motsi ƙarƙashin haƙarƙarinmu, rabi barci rabi ido biyu. Yaro ma ya san dakan kowa. Akwai mai jefa taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe, akwai tsohuwar da ke daka tana hutawa tana tari, akwai 'yan mata masu lugude waɗanda ba sa gajiya in dai akwai mai kallo. Kuma turmi ba ya rufa wa kowa asiri. Wanda aka cika da hatsi muryarsa a danne take, mai nauyi, wanda kuwa ɗan kaɗan ne a cikinsa sai ka ji itace yana bugun itace. Innata takan ce mace mai hankali ba sai ta tambayi maƙwabciya yadda ta kwana ba, kunne kawai za ta kasa da asuba. Yanzu injin niƙa ne a bakin hanya, kuka ɗaya yake yi wa mai buhu da mai gwangwani. Na san ya hutar da kafaɗun mata, ban ce a koma baya ba, ni ma tawa kafaɗar ta sha abin da ta sha. Kewa ce dai nake yi, ita kuwa ba ta jin lallashi.

Ɗana yana can arewa, bayan hamada, wurin bida, wato neman kuɗi, kamar yawancin mazan Adar. Kowane mako yakan turo wa matarsa kuɗin cefane ta waya. Wayar ta yi ɗan kuka, ita kuma ta yafa mayafi ta fita, ta dawo da shinkafa da taliya da mai ƙulle a leda da dunƙulen ɗanɗano da tumatirin gwangwani. Lahadi da Litinin gida ya yi ta ƙanshi sai ka ce ana suna. Kafin Alhamis tukunya ta fara ramewa, ran Juma'a sai in gan ta zaune ta zuba wa wayar ido kamar mai jiran kaza ta saki ƙwai. Yarinya ce mai kirki, ba ta da ɓarna, kuɗin ne ba su da auki, kasuwa kuma ta haukace. Shekaranjiya tana tsintar shinkafa ta ce mini, "Iya, ku dai kun more. Zamaninku komi arha, ga hatsi cike da rumbu." Na yi dariya har na ƙware, na ce, "Awo, ɗiyata, mun more." Ban ƙara ba, don in na fara ba ta da ranar ɗora tukunya. Abin da ban faɗa mata ba shi nake so in faɗa yanzu, labarin wata shekara da Innata ta ciyar da gida da ɗan abin da bai cika ƙullin bakin zane ba, shekarar da zamana a gabanta ya rataya ga akushi guda.

Mahaifinmu ma ɗan bida ne, shi kudu ya yi, bakin teku. Mu yara ba mu san teku ba, mun dai san wuri ne da ke kwashe maza bayan girbi ya maido su da damina ɗauke da akwati da rediyo, wasu kuma ya riƙe su ya hana su dawowa. A shekarar an yi damina mai rowa, hatsi ya fid da kai ya tsaya bai yi ido ba, kuma mahaifinmu bai dawo ba. Ya aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun wani mai komowa gida, aka damƙa wa wani ɗan garinsu mai tebur a kasuwa, da sharaɗin ya riƙa ba Inna kaɗan-kaɗan kowace Lahadi don kada ya ƙare da wuri. Lahadi ce babbar kasuwar Tawa, har gobe. Abin da ta karɓa ranar shi ne cinmu da shanmu har wata Lahadi, ita da yayyena biyu da ni auta.

Wan mahaifinmu yana zaune a ƙauyen kakanninmu, gaba da Kalfu, cikin duwatsu. Baba Babba muke ce masa. Dogo ne mai magana a hankali, kuma in ƙanensa ba ya gari shi ke da iko da mu, haka aka gada. Kowace Lahadi yakan zo kasuwa bisa jakinsa, da azahar ya biyo gidanmu ya yi salla a zaure, ya ci abinci, sannan ya kama hanya. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Takan durƙusa a bayan zana su gaisa, ni kuma ina tsaye a bakin zaure riƙe da buta. A nan na ji maganar da kunnena, wata Lahadi bayan an gama ɗan girbin da aka yi.

Ya ce, "Uwar yara, kin ga yadda damana tay yi muna bana. Ƙanena shina nesa, nauyin gidanga bisa kaina shike. In abin ya yi miki yawa, kak ki ɓoye mini. Sai in ɗauki Auta in kai ta wurin gwaggonta can garin Takanamat. Tana da awaki, ba ta da ɗiya, nono ba ya yanke mata."

Inna ta ce, "Muna cikin ruhin asirin Allah, Baba."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, madalla. Ni dai ina zuwa kowace Lahadi. Baki shina ɓoyewa, amma akushi ba ya ɓoyewa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, yanzu na sani. Gwaggo ma ba muguwa ba ce, in ta zo gari har cuku takan kawo mana. Amma ni a lokacin Takanamat ƙarshen duniya ce. Na ga wata ƙawata da aka kai riƙo wurin dangi, da ta dawo ganin gida sai ta riƙa gaida uwarta a durƙushe kamar baƙuwa, ta zauna a bakin tabarma tana jiran a ce mata ta ci. Tsoron abin nan ya shige ni sosai. Na riƙa bin Inna ko'ina, in ta je rijiya ina riƙe da bakin zanenta, in ta zauna tankaɗe ina jingine da bayanta ina jin motsin kafaɗarta har barci ya sace ni. Ba ta taɓa yi mini zancen ba, ni ma ban yi mata ba. Amma tun daga ranar duk makonmu ya koma yi wa akushin Lahadi hidima.

Inna ba ta shiga kasuwa da safe. Takan ce kasuwar safe ta masu kuɗi ce, ta marece ta masu haƙuri. Sai Baba Babba ya kama hanya, rana ta yi sanyi, sannan ta ɗauki ƙwarya ta riƙe hannuna mu tafi. Ina son kasuwar wannan lokaci fiye da kowane wuri da na taɓa gani. Rana ta yi ja a kan rumfuna, raƙuma suna tashi da nishi ɗaya bayan ɗaya, masu jakai suna ɗaure mangala, ana kiran sunayen ƙauyuka ana neman abokan tafiya. Matan ƙauye kuwa ba mai son ta koma da kaya a ka, sai su saki abu a kan kuɗin da da safe ko kallonka ba za su yi ba. Inna takan fara da hatsi, ta auni ɗan abin da kuɗin suka iya, sannan ta taya mai awon kaɗe tabarma da sheƙa, ita kuma ta bar mata abin da ya zube. Daga nan sai albasar da ta fara lalacewa ta gefe ɗaya, da curin gabu, wato busasshen ganyen albasa, da daddawar batso, da kuka, da kanwa, da ɓarɓashin ƙuli-ƙulin da ya rage a gindin kwano. Wurin mahauta ba ta tambayar nama, ƙashi take tambaya, tana yi tana duban gefe kamar ba ita ke so ba. Abu na ƙarshe shi ne man shanu, ɗan dunƙule guda wurin wata Bafillata mai saurin komawa ruga. Shi kaɗai ne ba ta yi wa dogon ciniki, kuma shi kaɗai ne ba namu ba.

A hannun Inna ba abin da ke fita daga ƙwayar hatsi ya tafi banza. Ruwan da aka wanke surfe takan aje shi ya yi tsami a dama kunu da shi. Tsakin da ya rage a rariya na kunun safe ne. Dusar da masu hali ke ba awaki, ita takan mayar da ita cikin gari, tuwon ya yi duhu ya yi kaushi amma ya riƙe ciki. Da asuba ma takan zuba dusar a kan ɗan hatsin kafin ta fara daka, don turmi ya yi murya irin ta gidan da ke da abinci. Da rana farau-farau muke sha, fura ce da ta yi iyo cikin ruwa ba nono, kana kai ludayi baki kana ganin fuskarka. Da marece tuwo, kowa malmalarsa ƙarama, in miya ta gagara sai kwaɗon ganye, tafasar da ta shanya tun damina ko jigar da yayyena ke tsinkowa a bayan gari. Ƙanzon tukunya a kankare a shanya, ran Alhamis a jiƙa shi a barbaɗa ƙuli. Ƙashin nan kuwa a dafa shi Litinin, a tsame a rataya a danga, Laraba ya sake komawa tukunya, Juma'a ma ya leƙa. Yayana ya ce tun da ƙashin ya zama ɗan gida ya kamata a raɗa masa suna, Inna ta bi shi da muciya tana dariya. Wuta ma ba ta barin ta ci kara a banza, tana sauke tukunya za ta yayyafa ruwa ta tsame sauran. Ita ce ƙarshen ci, wani lokaci ban ga ta ci ba sam. In na tambaya sai ta ce mai tuƙa tuwo tun a bakin murhu take ƙoshi, ni kuma na yarda, har ina ɗokin in girma in fara tuƙi.

Abin mamaki, in na tuna kwanakin nan ba yunwar ke fara zo mini ba. Ƙanshin gabu a cikin ruwan zafi nake ji, da hayaƙin kara yana tashi miƙe saboda ba iska, da kukan kurciya a kan itacen bedin maƙwabta, da muryar Inna tana waƙa ƙasa-ƙasa ba kalmomi. Yaran yanzu suna cin taliya suna kallon waya, ban sani ba ko za su tuna ƙanshin wani abu in sun tsufa. Wataƙila za su tuna, kowa da irin tasa kewar.

Kullum in Inna ta auni hatsin yini, sai ta sa hannu ta ɗebi cikin tafi guda ta mayar cikin wani ɗan tulu da ke bayan gado. Wannan na Lahadi ne. Man shanun kuma yana cikin wata 'yar kwalba rataye a rufin ɗaki, in ta fita mukan tattaka gado mu buɗe mu shinshina mu rufe, ba mai ƙarfin halin sa yatsa. Ran Lahadi tun da hantsi gida yake canza kama. A surfa hatsin tulu a wanke shi tas, a daka a tankaɗe har sai gari ya yi laushi, ba dusa ko ƙwaya. A tuƙa tuwo fari mai sulɓi, a kaɗa miyar kuka da daddawa sosai, a jefa ɗan busasshen naman da ta ɓoye ban san ina ba. Sannan ta sauko da kwalbar ta zuba man a kan miya, ya narke ya yi ido-ido yana yawo. Takan ce tuwon girma miyarsa nama, ta rufe akushi da faifai ta ɗora mini a ka. Ni ke kaiwa, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, don na san kaina na ɗauko.

A al'adarmu babba ba ya suɗe akushi. Komai daɗin abinci yakan rage wani abu, saura kuma na yaron da ya kawo ne. Saboda haka nakan zauna a bayan zaure ina jiran Baba Babba ya yi gyaran murya, alamar ya gama. Da farko rabi yake bari. In kwashi akushi in ruga bayan ɗaki, mu uku mu sa hannu, mu lashe har faifan. Shi kuma ya wanke hannu ya ce a gaya wa uwar yara Allah shi yi albarka, ya hau jakinsa. Duk Lahadin da ya tafi bai ambaci Takanamat ba sai in ji an ƙara mini mako guda a gidanmu, in yi ta tsalle a tsakar gida ba wanda ya san dalili.

Da rani ya yi nisa sai sauran ya fara raguwa. Daga rabi ya koma loma uku, daga nan ya koma loma ɗaya a gefen akushi don fita kunya. Tsarabar waken da yakan kawo ta daina zuwa. Wata Lahadi ya zo a ƙasa, ya ce jakin ba ya jin daɗi, kuma ba mu sake ganin jakin ba. Ni duk ban kula da wannan ba, akushi nake duba. Ranar da na ɗaga faifai na tarar ba komai, an share shi tas kamar an wanke, sai na shiga gida ina hawaye na dangwarar da shi gaban Inna. Na ce Baba Babba ba shi da kunya, ya cinye rabon yara. Ta ɗaga hannu kamar za ta make bakina, sai ta fasa. Ta ɗauki akushin ta daɗe tana kallon cikinsa, ta juya shi ta sake kallo. Daga makon nan hannu biyu take ɗiba ta mayar cikin tulu, tuwon Asabar kuma ya ƙara ƙanƙancewa. Akushi ya riƙa fita a cike fiye da da, yana dawowa wayam. Na tsani Baba Babba a lokacin, tsana irin ta yaro mai jin yunwa, kuma duk da haka ina addu'a tuwon ya yi masa daɗi.

Bazara ta shigo da zafinta, hadari ya riƙa haɗuwa a gabas da marece yana watsewa. Wata Lahadi ina zaune a bakin zaure na hango shi tafe, ya ɗauko wani abu a wuya. Da ya matso na ga yarinya ce, ƙafafunta na lilo a ƙirjinsa. 'Yarsa ce ƙarama, ba ta kai ni ba da kaɗan, na taɓa ganinta sau ɗaya da salla. Ya sauke ta a kan tabarma, ta zauna inda aka aje ta ba ta motsa ba. Wuyanta siriri, gashinta ya yi ja, idanunta sun yi wa fuskar yawa. Inna ta zo ta durƙusa a bayan zana, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi yara, ta tambayi mutanen gida, ya ce lahiya lau, ta ce lahiya lau. Sannan ya ɗauko tasbaha yana murzawa.

Ya ce, "Uwar yara, yau da roƙo na zo, ba da iko ba. Na daɗe ina kallon akushin gidanga. Allah ya sa albarka ga hannunki, ko ƙanena na nan iyakar abin da za a ci ke nan. Mu can ƙauye abin ya kai inda ya kai, ba mu da abinci sai anza, ita kau wagga cikinta ba ya ɗaukar ta. Ki riƙe mini ita har a ga sabon hatsi."

Anza 'ya'yan wani ɗan itacen daji ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwa kafin su ciwu, kuma ba mai kusantar su sai rumbu ya zama fanko. Ina tsaye inda nake ganin shi da Inna duka biyu, shi kansa a sunkuye ta wannan gefen zana, ita kanta a sunkuye ta wancan. Ko ni yarinya na gane inda aka tsaya. In ta ce ba za ta iya ba, dole ta faɗi dalili, dole ta ce akushin nan ƙarya yake yi tun farkon rani, kuma gidan da ba ya iya ciyar da nasa an riga an faɗi abin da za a yi masa. Tuwon da ta tuƙa don kada a rage mata baki ɗaya, shi ne ya jawo mata ƙarin baki. Na ji ta ja numfashi, na ga ta share tafin hannunta a zane.

Ta ce, "Ai gida ta zo, Baba. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci."

Ya ce, "Allah shi yi miki albarka." Sai ya yi tari ya nemi ruwa. Ranar loma kaɗan ya ci, ya turo mini akushin kusan a cike ya ce in ci ni da ƙanwata. Ya tafi bai waiwayo ba, ita kuma ba ta yi kuka ba, ta dai bi bayansa da ido har ya sha kwana.

Washegari da marece Inna ta kwashe tuwon Litinin, mai duhun nan na dusa, da miyar ƙashi. Ta ba yayyena nasu, sannan ta aje ƙoƙo guda tsakanina da baƙuwar, malmala ɗaya a ciki, irin wadda nake ci ni kaɗai. Na duba ƙoƙon, na duba Inna, na tura baki na ce wannan ai rabona ne ni ɗaya. Ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai da tawa. Ban taɓa ganin ta kusa haka da rana ba, sai ranar na lura ƙasusuwan wuyanta sun fito.

Ta ce a hankali, "Auta, malmala guda tana jiran ki Takanamat, hadda nono. Nan kau sai rabi. Ki zaɓa, ni ba ni tilasta miki."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan garin a bakinta. Ashe duk watannin nan ta san na ji, ta san abin da ke sa ni riƙe mata zane. Na koma na zauna, na sa gefen hannu na raba malmalar biyu, na juya ƙoƙon ɓangare ɗaya ya fuskanci yarinyar. Ba ta taɓa ba tukuna. Ta dubi tuwon, ta dube ni, sannan ta yi maganarta ta farko tun da aka kawo ta.

Ta ce, "Yau ma Lahadi ta?"

Na ce mata a'a, Litinin ce.

Ta ce, "Mu gidanmu ran Lahadi ɗai muka ganin tuwo, in Baba ya komo da shi cikin jakarshi ta burgami. Sai a raba muna, kowa loma guda. Shi ba ya ci, shina cewa ya ƙoshi tun birni."

Inna tana tsaye a bakin murhu, ta ji. Ta juya mana baya ta tsuguna tana hura wutar da ta riga ta kashe, ta daɗe a haka. Ni kuwa kunya ta rufe ni saboda abin da na faɗa a kan Baba Babba, na rasa inda zan sa idona, sai na ƙara gutsuro wani abu daga nawa na tura mata.

Ba a sake tada zancen Takanamat ba. Sabon hatsi ya zo, mahaifinmu ma ya zo daga baya, amma ƙanwar tawa ba ta koma ƙauye ba, a ƙoƙo ɗaya muka ci har aka kai kowace ɗakinta. Ta riga ni tafiya, Allah ya jiƙanta. Har ƙarshen rayuwarta in ta tara jikokinta takan ba su labarin yadda aka kawo ta birni tana ƙarama, gidan masu hali, inda ake cin tuwo kullum ba sai Lahadi ba. Sau da yawa a gabana take faɗa, ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Yaya?" Ni kuma in ce mata haka ne.